Wanda Ya Buga Shi Ke Sauka

Autanmu ya fi kowa gudu a unguwarmu, amma ba saboda gudun nake ba da labarinsa ba. Shekarar da ya je neman gurbi a kulob ɗin ƙwallo, ni ce na riƙa kai shi ina ɗauko shi a motata, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gan shi, ba a bakin wani na ji ba.

A unguwar Nakkasa ta Makka aka haife mu, can saman dutse, inda mota take tsayawa ƙafa ta karɓa. Kakanmu ya zo aikin Hajji daga Kano bai koma ba, ya gina ɗaki a kan dutsen, mahaifinmu ya ɗora wani a kan nasa. Na girmi Auta da kusan shekara goma. Ni na goya shi, ni na yi masa wanka, don haka har gobe ba ya ɗaga mini murya, ko da yake yanzu sai na ɗaga kai nake ganin fuskarsa. Mahaifinmu ya rasu Auta yana ƙarami, sai ya zama daga Innarmu sai ni a kansa.

Babu filin ƙwallo a Nakkasa. Abin da yara suke kira fili wani ɗan sarari ne a bayan gidanmu, bai fi tsakar gida ba. Gefe ɗaya bangonmu ne. Ɗayan gefen babu komai sai matakala, ta gangara ta bi ta ƙofar gidajen 'yan Burma, ta wuce mai gasa burodi, ta faɗa cikin kasuwa. Idan ƙwallo ta kama wannan hanyar ba ta tsayawa gaida kowa. Kuma ƙwallon ɗaya ce tal a unguwar, in ta tafi wasa ya tsaya.

Shi ya sa yaran suke da doka, wadda ba wanda ya san wa ya kafa ta: wanda ya buga shi ke sauka. Ba wanda ya kasa tarewa ba, a'a, wanda ƙafarsa ta taɓa ƙwallon a ƙarshe. Ka ba abokinka ƙwallo mai kyau, shi ya yi hamma ta wuce shi, to kai za ka sauka. Sauran su zauna a inuwar bango suna yi maka waƙa, kai kuma ka bi matakala cikin ranar Makka har kasuwa, ka roƙi mai tumatirin da ta faɗa wa cikin faranti, ka sha zagi, wani lokacin ka sha rankwashi, sannan ka hau dutse da ita a hammata. Kafin ka iso an sa wani a gurbinka.

Daga tagar ɗakin girkinmu nake kallonsu ina wanke-wanke. Auta ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, kuma shi ya fi kowa sauka. Yakan dawo yana huci, hawaye da gumi sun haɗu, ya sha ruwa a tsaye ya koma. Sau nawa na leƙa ta taga na balbale manyan da faɗa, su yi tsit, ina juya baya su ci gaba. Can sai na lura ya daina sauka. Ba dokar aka canza ba. Yaron ne ya gane cewa ƙwallon da take ƙafarka ba ta gangarawa. Ya koyi riƙe ta, ya koyi yanke mutum uku a wurin da akuya ba za ta iya juyawa ba, ya koyi buga ta a bango ta dawo masa. In ya ba wani, to wanda yake jin numfashinsa ne. Ƙafafunsa a matakalar ya same su, kuma a can ne ya daina sakin ƙwallo.

Duk yaran dutsen haka suke wasa. Mu a lokacin gwaninta muka ɗauke shi.

Da aka zo rushe ɓangarenmu na unguwar, aka shafa jan fenti a bangonmu, muka tattara muka koma wani ɗan gidan haya a hawa na biyu a unguwar Shisha. Ni na samu aikin karɓar marasa lafiya a wani asibitin haƙori, da aka ba mata damar tuƙi kuma na koya na sayi tsohuwar mota. Auta bai yi nisa a karatu ba. Yana tura tsofaffin alhazai a keke tsakanin Safa da Marwa, lokacin Hajji kuma ya tafi Mina dako da nuna wa mutane tantinsu. Da yamma ƙwallo. A gasar unguwanni da ake yi da azumi babu wanda bai san shi ba, mutane suna barin shayinsu su zo kallon lamba goma ɗan Nakkasa.

A irin wannan gasar wani mutumin kulob ya gan shi. Mu ba mu da takardar zama 'yan ƙasa, iƙama, wato izinin zama, muke sabuntawa kamar yadda iyayenmu suka yi. Amma an buɗe ƙofa ga waɗanda aka haifa a ƙasar, mawalid ake ce mana, kulob yana iya yi wa kaɗan daga cikinmu rajista. Wannan kulob ɗin gurbi ɗaya ya rage masa. Suka kira mutum biyu gwaji, su yi atisaye da 'yan wasansu har zuwa lokacin rufe rajista, sannan koci ya zaɓi ɗaya.

Kada a ɗauka arziki muke hange. Ba babban kulob ba ne. Amma aiki ne mai kwantiragi, mai likita in ka ji ciwo, kuma Auta ya riga ya wuce shekarun ƙungiyar matasa. Mutumin da ya kawo shi ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa ɗan shekarunsa da bai taɓa buga wa kulob ba, ba a kiransa gwaji sau biyu. Ko ya samu wannan gurbin, ko ya koma tura keke har gwiwoyinsa su gaji.

Na biyun da aka kira wani dogon saurayi ne mai buga gefen dama. Iyayensa ta Chadi suka zo, amma shi ma a nan aka haife shi, a wata unguwa ta ƙasa inda filin yara fili ne na gaske. Ranar farko na gan shi a bakin titi bayan atisaye yana jiran tasi, jaka a kafaɗa. Na ce wa Auta ya kira shi.

"Yaya, kin san wane ne wannan?" in ji Auta.

"Na sani. Ɗan mutane ne a tsaye a rana. Kira shi."

Ya shigo yana sunkuyar da kai. Hausarsa ta ɗan karkace, rabinta Larabci, kamar ta Auta dai. "Shukran, Abla," ya ce. Abla yake ce mini, yadda 'yan nan suke kiran babbar 'yar'uwa. Daga ranar kullum tare muke tafiya tare muke dawowa. A mota suna hirar komai, takalma, 'yan wasan Turai, wanda ya fi iya gasa kaza a Shisha. Maganar gurbin ce kawai ba wanda ya taɓa ɗagowa.

Bayan la'asar ake atisaye. Nakan ajiye mota a jikin shingen waya, in buɗe gilashi, in zuba shayi daga fulas. Ban san ƙwallo ba a lokacin, har yanzu ma ba zan ce na san ta ba. Amma ko makaho ya san Auta ya fi su ƙarfi. In aka sa su gudu, yana gamawa ya tsaya yana jiransu hannu a ƙugu. In aka yi karo da shi, ɗayan ne yake faɗuwa. In ƙwallo ta zo ƙafarsa, sai dai a yi masa ƙeta, ba dai a ƙwace ba.

Sai dai kullum sunansa kocin yake kira da ƙarfi. Kocin wani dattijo ne mai furfura a gemu, ba mai yawan magana ba, amma a kan Auta muryarsa har dishewa take yi. "Marrir! Marrir, ya walad!" Wato ba da ƙwallo. Aikin lamba goma, kamar yadda na fahimta daga baya, ba gudu ba ne. Shi ne mai rabo. Ya karɓa, ya ɗaga kai, ya aika wa wanda ya fi dacewa, tun kafin abokan hamayya su rufe hanya. Auta kuwa sai ya karɓa ya riƙe, ya yanke wannan ya yanke wancan, kafin ya gama duk an koma gida an tare raga. Wani lokacin ya ci, yara masu leƙe ta shinge su yi ihu, kocin ya juya baya yana girgiza kai.

Da farko haushin kocin na ji. Na ce a raina wannan tsohon hassada yake yi wa yaron. Sai wata rana ina kallo, aka ba Auta ƙwallo a tsakiyar fili, dogon nan ya ɓalle ta gefe babu kowa a gabansa, hannu a sama. Auta ya ɗaga kai, ya ja ƙafa baya kamar zai buga, sai na ga ya ɗan kalli bayan dogon, can inda fili ya ƙare. Ya mayar da ƙafarsa ya taka ƙwallon. Na ajiye kofin shayi. Wannan kallon na san shi, na gan shi ba adadi ta tagar ɗakin girki. Yaron yana duba inda za ta gangara ne in ta wuce.

A mota ban jira mun bar wurin ba. "Kai Auta, akwai matakala a bayan filin nan ne?"

"Wace matakala kuma, Yaya?"

"Ita nake tambayarka. Me kake leƙe in za ka ba da ƙwallo?"

Ya ce shi ba ya leƙen komai. Dogon ya tambayi abin da muke nufi, na ba shi labarin dokar dutse. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wallah? Ni na ɓata, kai ka sauka? Wannan ai zalunci ne, ya sheikh!" Auta bai yi dariya ba. Sai da muka wuce gada sannan ya ce a hankali, "Ƙafar ce take ƙi. Ina ganin mutum, ina so in ba shi, sai in ji kamar an riƙe ni."

Da na gaya wa Inna, ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Na ce to ai ba mu tafi ba tukuna. Ta ce Allah ya taimaka, ta ci gaba da abin da take yi. Inna ba ta taɓa kallon wasa ba. Ita dai abin da ta sani shi ne ɗanta yana dawowa daga Harami da ƙafa a kumbure, kuma an ce akwai aikin da zai raba shi da wannan.

Ranakun da babu atisaye sai na riƙa kwasarsu zuwa wajen Mina. Wanda ya san Mina lokacin Hajji kawai ba zai gane ta ba sauran watanni. Tantuna farare a rufe, tituna masu faɗi babu kowa, sai iska da kyanwoyi. Akwai wata tashar bas a gefe, shimfiɗaɗɗiya kamar faranti, ba tudu ba gangare. Na tsayar da Auta a wannan ƙarshen, dogon a wancan. Na ce daga yau ga sabuwar doka, ni na kafa ta: wanda ya kasa tarewa shi ke ɗaukowa.

Dogon ya ce, "Hadir, Abla," wato ya amince. Kuma ya cika alkawari. Kwanakin farko ƙwallayen Auta duk gajeru ne, suna mutuwa a tsakiyar hanya, kamar mai tsoron kada ya tashi jariri. Da na yi masa tsawa sai ya riƙa dukanta da fushi tana tsallake kan dogon. Dogon ya bi ta a guje har gindin tantuna, ya dawo yana dariya, ya jefo masa. Bai taɓa cewa ya gaji ba. Ina zaune a kan mota ina kallonsa, wani lokacin kunya ta kama ni, don na san abin da yake gyarawa shi ne abin da zai iya hana shi gurbin. Na taɓa ce masa ba dole ba ne ya riƙa zuwa. Ya ce, "Abla, ni ɗan gefe ne. In babu mai aiko mini, ni ma ba a ganina."

Auta ya iya. Wannan ina so a sani. Kafin wata ya ƙare yana aika ƙwallo daga wannan ƙarshen tashar zuwa wancan ta sauka a ƙirjin dogon kamar an miƙa masa da hannu. A atisaye ma ya fara saki, musamman in babu wanda ya matsa masa. Kocin ya rage ihu. Amma da zarar an raba su gida biyu wasa ya yi zafi, mutum biyu sun taso masa, sai tsohon hali ya dawo. Ya sunkuyar da kai ya rungume ƙwallo da ƙafa.

Wata rana haƙurina ya ƙare. Kocin ya fitar da shi daga wasa ya zaunar da shi a benci, ya faɗi wata magana da na jiyo daga shinge, wai filin ba na ubansa ba ne. Uban da yake kabari. Na fito daga mota na tsaya a bakin ƙofa har aka tashi. Auta yana yi mini alama da ido in bari, ban kula shi ba.

Na ce, "Kabtin, minti ɗaya." Haka suke kiran koci a nan.

Ya tsaya da ladabi. Na ce masa ni yayar lamba goma ce, kuma uban da ya ambata ya rasu. Nan take ya ba da haƙuri, ya dafa ƙirji, har na ɗan ji kunyar zafin da na zo da shi. Sai na ba shi labarin dutse da matakala da mai tumatir. Na ce yaron ba son kai gare shi ba, sabo ne, kuma yana gyarawa.

Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba. Ya ce shekarunsa da yawa a wannan aikin, ya ga yaran unguwannin dutse suna da wannan riƙon, bai taɓa sanin dalili ba sai yau. Har ya yi murmushi. Sannan ya ce, "'Yar'uwa, na gode. Amma ni ranar wasa ba zan iya tara 'yan kallo in ba su labarin matakala ba. Gurbi ɗaya gare ni. Ƙaninki ya fi duk wanda yake filin nan jiki. Ina so in ɗauke shi, wallahi ina so. Ya nuna mini sau ɗaya, a wasa na gaske, cewa zai saki a lokacin da ya kamata."

Wasan na gaske shi ne na sada zumunta da wani kulob daga Jidda, ana saura kaɗan a rufe rajista. Aka ce bayansa za a faɗi wanda aka ɗauka. Ranar Inna ta tofa wa Auta addu'a a ka, ta ce a gaida abokinsa, shi ma ta yi masa addu'a. Muka biya muka ɗauki dogon.

An bar mutane sun shiga, na zauna a kan matakalar siminti tare da wasu iyalai. Dukansu biyu aka sa su daga farko. Rabin farko Auta ya yi abin da aka ce. Yana karɓa yana bayarwa, gajeru-gajeru, babu kuskure, babu kuma abin da za a tuna. Dogon ya samu ƙwallo 'yan lokuta, ya yi gudu mai kyau, ya yi bugun kusurwa ɗaya da ƙwallon ta kusa shiga. Aka tafi hutu babu ci. Ni dai ruwan da na zo da shi ma na kasa sha.

Can cikin rabi na biyu 'yan Jidda suka taso gaba ɗaya neman ci. Golanmu ya kama, ya jefa wa Auta a tsakiya. Mutum biyu suka taso masa. A gefen dama dogon ya riga ya ɓalle, babu kowa tsakaninsa da gola sai ciyawa, hannunsa a sama. Nisan bai kai na tashar bas ba. Ƙwallon da suka yi ta bugawa ce a Mina, ita ce sak.

Auta ya ɗaga kai. Na ga ya gan shi. Kocin ya ga ya gan shi. Duk wanda yake wurin ya gani. Na miƙe tsaye ban sani ba, ina ihu da Hausa a tsakiyar Larabawa, "Saki! Auta, saki!"

Ya ja ƙafa baya. Sai ya taka ta.

Abin da ya biyo baya kyakkyawa ne, ba zan ɓoye ba. Ya juya ya bar na farko a zaune a ƙasa, ya bi ta tsakanin na biyu da wani na uku da ya taso, ya yi gudun da ban taɓa ganin ya yi irinsa ba, 'yan kallo suka tashi. Amma kafin ya iso bakin raga mutum biyar sun dawo. Ya buga, ta daki ƙafar wani ta fita. Dogon yana tsaye a inda yake, ya sauke hannunsa a hankali. Mutane suna tafi. Na zauna, na san an gama.

Kocin bai ma jira an tashi ba, ya canza Auta. Bayan wasa ya kira su biyun gefe, ni ina tsaye nesa kaɗan, inda nake jin abin da ake faɗa. Ya ce wa dogon ya zo gobe da takardunsa. Sannan ya juya ga Auta, ba da faɗa ba.

"Da ba ka gan shi ba, da na ce zan koya maka gani. Amma ka gan shi. Yayarka ta ce dutse ne. Mataimakina ya ce ba dutse ba ne, ya ce ka san in ka ba shi ya ci, shi za a ɗauka. Ni ban san wanne ne ba, Allah ne ya sani. Ko wanne ne, ba zan iya sa ka a tsakiyar filina ba."

Sai a lokacin wannan fassarar ta faɗo mini. Wallahi ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa raina ba. Na so in je in samu mataimakin nan in tambaye shi ko ya taɓa hawa dutse da ƙwallo a hammata. Auta ya riƙe mini gefen abaya, abin da rabonsa da yi tun yana yaro. Ya ce, "Halas, Yaya. Mu tafi."

A motarmu dogon ya zo, a motarmu kuma zai koma. Ya ce zai hau tasi, na ce ya shiga kada ya ɓata mini rai. Na yi masa barka, kuma da zuciya ɗaya na yi, don ya cancanta. Auta ma ya juya ya ba shi hannu ya ce mabruk. Ga cunkoso a hanya, motocin masu Umara sun cika titi, muna tafiya kamar ba ma tafiya. Wayar dogon tana ta ƙara a aljihunsa, 'yan gidansu ne, ya ƙi ɗauka a gabanmu. Wannan karar da ya yi mana ta fi komai yi mini ciwo.

Da muka iso bakin layinsu ya buɗe ƙofa, ya yi godiya. Auta ya sauke gilashi.

"Ya akhi. Wallahi ba don kai ba ne."

Dogon ya tsaya da jaka a hannu. Ya ce, "Na sani." Ya faɗa da sauri, yana kallon ƙasa, yadda mutum yake amsa gaisuwar wanda ba ya so ya tsaya hira da shi. Ya ɗaga mana hannu ya shige layi. Bai yi nisa ba muka ga ya ciro wayar.

Na ja mota. An fara kiran magariba. Ina tunanin yadda zan faɗa wa Inna, wadda na san tana zaune a kan sallaya tana jiran ƙarar mukulli. Auta ya jingina kai da gilashi, takalman ƙwallon suna kan cinyarsa, ko jaka bai sa su ba. Mun kusa gida ya yi magana.

"Yaya, ke kin yarda?"

"Da me?"

"Cewa ba don shi ba ne."

Na ce, "Na yarda mana. Ni na goya ka. Na ga lokacin da ka kalli bayansa, irin kallon nan naka."

Ban faɗa don in kwantar masa da hankali ba. Na yarda a ranar, na yarda har yau, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ne ya zo ya same ni. Na ajiye mota a ƙofar gida na kashe. Bai buɗe ƙofa ba. Ya daɗe yana murza igiyar takalmin a yatsa.

Ya ce, "Ni ban sani ba, Yaya."